Shitu Mai Dutse da Falle na Arba'in

A ƙasar Kiru, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, in ka ci tuwo a gida haƙorinka bai gamu da tsakuwa ba, ba sai ka tambaya ba, dutsen niƙan gidan na Shitu ne. Mata har daga Bebeji da Tudun Wada sukan yi saƙo a kawo musu. Shi kuwa mai dutsen, in ka gan shi ba za ka ce shi ne ba: gajere, baƙi, mai ƙaton hannu, ba gashin gira ko ɗaya, don wuta ta lashe shi tun yana saurayi. Magana kuwa sai ka yi goma bai yi ɗaya ba, amma ɗayar nan in ya yi ta, ta zauna ke nan.

A bayan ƙauyensu akwai wani falalen dutse mai faɗi kamar gona. Nan kakansa ya yi aiki, nan ubansa Umaru ya yi, nan shi ma ya tsufa. Ba da ƙarfi suke fasa shi ba, da wuta suke lallashinsa. Shitu zai jera itace a layi ɗaya a kan falalen, ya kunna, ya riƙa tura wutar gaba kaɗan-kaɗan da doguwar sanda. Yana bin bayanta yana ƙwanƙwasa dutsen da 'yar guduma, kunnensa a ƙasa. In ya ji ƙarar ta koma irin ta ƙwaryar da aka kife, ya san dutse ya saki daga ciki. Sai a bari ya huce, a sa ƙarafa a ɗaga, falle ya taso sumul kamar an yanka da wuƙa. Daga fallen nan ake sassaƙa dutsen niƙa da ɗansa.

Falle ɗaya ne bai taɓa sassaƙawa ba. Yana shimfiɗe a ƙofar zaurensa, shi ne na farko da marigayi Umaru ya ɗaga da hannunsa, kuma a kansa ya yi salla sama da shekara talatin. Wurin goshi da wurin gwiwoyi har sun yi 'yar kwarmi, sun yi santsi. Da uban ya rasu, ɗan ya ci gaba da salla a wurin.

Cikin bazarar 1954 aikin hanya ya iso rafin da ke gabas da ƙauyen. Ɗan kwangilar, wani Bakano mai fara'a da ake kira Jibrin, ya zo zauren dagaci, aka kirawo Shitu. Bayan an gaisa, Jibrin ya russuna ya ce, "Baba, falle arba'in muke so daga falalenka, mu rufe kwalbatin rafin nan kafin ruwa ya sauka. In ka yarda, ran Laraba za mu zo da nakiya."

Shitu ya dubi baƙon, ya ji ya kwanta masa a rai. A saninsa nakiya ɗaya ce a duniya, ta shinkafa da zuma da ake yi don biki. Ga mutum daga birni, zai roƙi dutse, amma sai ya haɗa da abin zaƙi! Wannan ai tarbiyya ce.

"Na yarda," in ji shi, a gaban dagaci da dattawa. "Ku zo da ita da yawa ma, muna da jama'a."

Jibrin ya ɗan yi turus, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne, ya yi dariya ya tashi.

Da la'asar Shitu ya ba taubashinsa Habu labari. Habu ya yi shekara shida yana haƙar kuza a Riruwai, ya ga abin da sauran ba su gani ba. Ya yi dariya har ya faɗo daga kan turmin da yake zaune.

"Kai dai baƙauye ne na ƙarshe! Ka wanke hannu za ka ci nakiyar 'yan kwangila? To buɗe baki da kyau, da kan naka za ta tafi!"

Sai dariyar ta ɗauke masa, ya gyara zama. Ya ce waccan nakiyar rami ake haƙa mata a cikin dutse, a sa mata wuta a gudu. In ta tashi, ba inda ta fasa kaɗai take ɓatawa ba. Girgizarta na shiga can ciki, ta bar tsaga siririya kamar gashi ko'ina. Falalen da ya sha nakiya ba ya sake ba da dutsen niƙa, duk wanda aka sassaƙa zai riƙa zuba tsakuwa a cikin garin tuwo.

Sai a lokacin Shitu ya gane. Abin da kakansa da ubansa suka lallaɓa shekara da shekaru, shi ya ba da shi da bakinsa saboda kwaɗayin zuma.

Matarsa Asibi ta ce, "Malam, ka koma ka ce ba ka gane ba. Ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce," ya ce, "amma na ce na yarda, kuma dattawa sun ji."

Washegari ya sami Jibrin a bakin rafi. "Yaro, ban zo janye magana ba, kwana na zo roƙo. Falle arba'in kake so, ba ƙarar nakiya ba. Bar ni in ɗaga maka su da wuta."

Jibrin ba mugu ba ne, amma shi ma ruwa yake tsoro, don in rafi ya kawo kwalbati na buɗe, aikinsa duka ya tafi. Ya dubi sama, ya dubi tsohon. "Kwana ashirin, Baba. In safiyar na ashirin da ɗaya ta yi ba su cika ba, ka yi mini aikin gafara."

A wata guda Shitu bai saba ɗaga fiye da falle goma ba. Abin da ya fara ƙarewa itace ne. Nan Asibi ta ɗauki mayafinta ta bi gida-gida, tana cewa duk mai son jikokinta su ci tuwo ba tsakuwa, ta san inda falale yake. Ai kuwa sai ga mata a jere, wannan da ƙirare, wannan da damin kara, wata tsohuwa har da tsohon turminta da ya tsage. Habu ya kama sandar tura wuta, yana aiki yana tsiya: "Mai nakiya, a ƙara zuma ko ta isa haka?" Shitu bai kula shi ba. Rana a sama, wuta a gaba, dutse a ƙasa kamar tanda, tafin ƙafarsa ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Haka yake bin wuta a durƙushe yana sauraro, bai yarda ya gaggauta ta ba ko sau ɗaya, domin dutse ba ya son a tsawata masa. Ni dai ban san abin da ake kira jarumta ba in ba wannan ba.

Ranar kwana na sha tara da hantsi suka ɗaga falle na talatin da tara. Suna jera itacen na ƙarshe sai gabas ta haɗe. Kafin azahar ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai washegari da rana. Gari duka ana murna ana neman iri, Shitu na tsaye a kan falale ruwa na zuba masa. Itace ya jiƙe sharkaf, dutse ya sha ruwa, kuma jiƙaƙƙen dutse in an sa masa wuta tarwatsewa yake yi. Dole sai dutsen ya yi kwana huɗu yana shan rana, shi kuwa kwana ɗaya ya rage masa.

Safiyar na ashirin da ɗaya Jibrin ya sa aka sauke akwatin nakiya daga mota, ransa ba daɗi. Rafi ya fara motsi, ba shi da zaɓi. Sai ga mutum huɗu tafe da wani falle a kan itatuwa, Shitu na biye da su yana ɗingishi. Habu na cikin masu ɗaukar, kuma yau bakinsa a rufe yake.

Aka auna, ya yi daidai. Jibrin ya shafa dutsen, hannunsa ya faɗa cikin 'yar kwarmin nan mai santsi, ya ga wasu biyu a ƙasanta. Ya ɗago da sauri.

"Baba, wannan ai..."

"Na arba'in ne," in ji Shitu. "Abu ɗaya nake roƙo. Ku kife shi, fuskar ta dubi ruwa. Kada taya ta taka inda goshin babana ya taɓa."

Jibrin da kansa ya kama gefe ɗaya, ya ce wa leburori su yi bisimilla, aka kife shi a tsakiyar kwalbatin. Akwatin nakiya ya koma mota ba a buɗe shi ba. Bayan sati biyu Jibrin ya aiko da ƙwarya guda ta nakiyar gaske daga Kano, Habu ya cinye fiye da rabi wai ladan fassara.

Falalen ya ci gaba da ba da dutsen niƙa, Shitu ya koma salla a kan buzu. A ƙofar zaurensa aka bar wani fili mai kusurwa huɗu inda ƙasa ta fi sauran haske, Asibi takan share shi kullum da safe.

Duk ranar kasuwar Kiru Shitu yakan koro jakunansa da duwatsun niƙa ta sabuwar hanya. In ya iso kwalbatin sai ya tsaya, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi ta gefe-gefe a hankali. Direbobi baƙi sukan yi masa oda suna dariya, wai tsoho na tsoron gada. Bai taɓa yi musu bayani ba. Sai ya ƙetare, ya juyo ya ce, "Allah ya jiƙanka, Baba," sannan ya sa takalmansa ya bi jakunansa.