Karen da ya koyi jiran ruku'u

A shekarar da aka kulle gari saboda korona na zama mai kare. Maƙwabciyarmu a Gyaɗi-Gyaɗi nas ce 'yar Kudu, aka mayar da ita kwana a gidajen ma'aikata inda ba a yarda da dabba ba. Ta zo ƙofar gidana riƙe da ɗan kwikwiyo ja, kunnensa ɗaya a tsaye, ɗayan a kwance.

"Oga, taimake ni. Ba ya cizo."

"Sista, shi ba ya cizo, amma matata tana yi."

Na karɓa duk da haka. Shagona na kafinta a rufe yake, ajinmu na yaƙi da jahilci ma an rufe, zaman gida ya ishe ni. Matata ta dubi kwikwiyon, ta dube ni, ta kafa sharaɗi ɗaya.

"Malam, ranar da ya taɓa buta, ko darduma, ko mai sallah, ranar zai bar gidan nan. Ko ku bari tare."

Na ƙera masa keji da ragowar katako a bayan rijiya, na shiga koyar da shi. Ban taɓa horar da ko kaza ba. Abin da na sani shi ne yadda malamarmu ta aji take yi da mu: abu ɗaya a rana, a maimaita har ya zauna, in mutum ya yi daidai a yaba masa. Ita da baki take yabo. Ni da ƙuli-ƙuli nake yi, ina zuba shi a aljihun gaba na rigata.

Kullum da hantsi sai in tsaya a gabansa. Shi gajere ne, ni kuma bayana yana ciwo, don haka sai in sunkuya in dafa gwiwoyina da hannu biyu, in ce, "Zauna." Sati na farko kallona kawai yake yi kamar na zo roƙo. Sati na biyu ya fara zama. Yana zama sai in sa hannu a aljihu in ba shi. Bayan wata guda ya iya "zauna", ya iya "zo", ya iya "tsaya". Ya daina kallon buta. Matata har ta fara ajiye masa ƙashi, tana cewa don kada ya lalace ne. Ni kuwa na riga na saba da shi. In ina goge katako a tsakar gida, yana kwance a gefe yana atishawa saboda ƙura.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, tunda masallatai suna rufe, a ɗaki nake sallah, ƙofa a rufe. Karen bai taɓa ganin mutum yana sallah ba.

Wata rana da aka sassauta dokar, surukina ya tako daga Darmanawa tare da yayan matata. Baba tsoho ne mai tsafta, farar rigarsa ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Ya hango kejin.

"Mene ne wancan?"

"Kare ne, Baba. Amma mai tarbiyya ne."

"Kai ma haka aka ce mana."

La'asar ta yi, ɗaki da zafi, aka shimfiɗa darduma a tsakar gida. Matata ta ce in ɗaure karen. Na ce ba sai an ɗaure ba, yau Baba zai ga aiki. Na nuna wa karen bakin kejinsa na ce, "Tsaya." Ya tsaya kamar soja. Baba ya shiga gaba, ni da yayan matata muka bi shi.

Muna tsaye, lafiya lau. Sai muka yi ruku'u. Ta ƙasan ido na hango kunnen nan guda ya miƙe. Tun da aka haifi karen nan bai taɓa ganin mutum uku sun sunkuya sun dafa gwiwa a lokaci guda ba. Ashe duk watan nan ba kalmata ya koya ba, sunkuyon ya koya. Ya taho a guje, ya wuce ni, ya je gaban Baba ya zauna. Zama mai kyau kuwa, irin wanda na sha wahalar koya masa.

Baba ya ɗago, muka yi sujada, muka miƙe. Karen yana nan yana jiran hakkinsa. Ni ina cikin sallah, ba halin magana. Na yi gyaran murya, na ƙara yi. Ko juyowa bai yi ba. Yayan matata a gefena kafaɗarsa ta fara rawa.

Ban san Baba ya riƙo wa jikokinsa kilishi a aljihun gaba ba. Karen ya sani. A ruku'u na biyu haƙurinsa ya ƙare, ya miƙe ya cusa hanci a aljihun, ya ja. Aljihun ya ce ɓarrr. Baba, wanda yake tafiya da sanda, ya yi tsalle ya dira bayan rijiya, ƙafarsa ta taka buta ta fashe. Yayan matata ya faɗi zaune yana dariya. Ni kaɗai na rage a ruku'u, ban san wa nake bi ba. Karen ya gama da kilishin, ya dawo gabana ya zauna.

Da aka ɗaure shi aka sake sallah, Baba ya zauna da singileti yana huci.

"Wa ya koya masa wannan?"

"Ni ne, Baba. Amma ba haka na nufa ba."

Yayan matata ya share hawaye ya ce, "Ai Baba, a wajen malamanmu yawun kare ba najasa ba ne."

"To ga rigar nan, ɗauki ka saka."

Bai ɗauka ba.

Na ce wa matata laifina ne, ba na karen ba, ta ba ni sati biyu in koya masa a tsaye. Tana wanke darduma karo na huɗu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sati biyu? Malam, mahaifina ne ya tsallake rijiya."

Washegari na kira Sista a waya, ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta haɗa ni da wani mai gadi a Babban Giji da yake neman kare. Na kai shi da kaina a ƙafa, na cika aljihu da ƙuli-ƙuli, na ba shi duka a hanya ba tare da ya zauna ba. Na gaya wa mai gadin ya riƙa ɗaure shi lokacin sallah. Ya tambaye ni dalili, na ce zai gani.

Abin da aka rasa: farar riga ɗaya, buta ɗaya, kilishin jikoki, dardumar da ta koɗe saboda wanki, ziyarar Baba ta wata biyar, da kare ɗaya.