Darar Ɗan Ƙanwata

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba a rayuwata, shi ne zaro kaset ɗin nan daga aljihuna a kasuwar Kalgo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma mafi yawan fushin da kaina nake yin sa.

A ƙarshen shekarun casa'in ina gyaran rediyo a Gwandu. Ina kuma sayar da gem, abin wasan nan na lantarki irin na riƙewa a hannu, da kaset ɗinsa. Duk na jabu ne, kwafarsu aka yi, kuma na sani. Wani ɗan kasuwa a Kalgo ke kawo mana su daga kudu.

Ɗan ƙanwata, wanda na riƙe bayan rasuwarta, yana karatun lantarki a Birnin Kebbi. In ya zo hutu sai ya kwashe matattun kaset ɗina, ya ce na jabun sun fi sauƙin fasawa. Ya daɗe yana abinsa da na'urar makarantarsu. Wata rana ya miƙo mini gem ya ce in kunna. Sai ga dara, darar nan tamu da tsofaffi ke yi a ƙasa da kara da tsakuwa, gurabunta a jere cikin ɗan gilashi. Kafin ta fara, rubutu na fitowa: Allah ya jiƙan Inna.

Ya ce, "Kawu, ajiye mini, amma kada ka ba kowa. Ban ƙare ba. Har yanzu injin na jera huɗu ya ci, ka san ba a ci sai da uku."

Na ce to. Da kasuwa ta zagayo na tafi da kaset ɗin Kalgo don in yi fariya. Ɗan kasuwar ya buga, ya yi dariya, ya ce, "Malam, wannan yaro naka aljani ne. Ba ni in kai wa mutanena su gani, su san mu ma muna da kai." Yabon ne ya cinye ni. Ni da ke sayar da kayansu na fi kowa sanin aikin mutanen nan: kwafa. Amma na ba shi. Ya dawo mini da kaset ɗin lafiya, na mayar ma'ajiyarsa na yi shiru.

Bayan damina sabon kaya ya iso, kaset ɗaya mai wasanni barkatai. Yaron ne da kansa ya kunna a shagona. Can tsakiya sai ga dararsa. Sun goge addu'ar uwarsa, sun sa hoton wani dodo a wurin. Kuskuren kuwa ba su taɓa ba, don ba su ma san dara ba. Kafin wani lokaci, daga Kambaza har Maruda ana kiranta darar ɓarawo saboda cin hudu-huɗun da injin ke yi, samari na dariya suna tambaya wane jahili ya yi ta.

A ranar nan a shago, yaron bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Kawu, wa kab ba?" Na ce ban ba kowa ba. Ya dube ni, ya ajiye gem ɗin a kan tebur ya fita.

Na je Kalgo ina huci. Mutumin ko kunya bai ji ba, ya ce, "Duk waɗanda kake sayarwa, ka taɓa tambayar mai su?" Na so in shaƙe shi, don gaskiya ya faɗa.

Yaron bai ƙare darar ba, bai kuma sake yin wata ba. Yanzu magidanci ne, yana gyaran janareta. Yana gaishe ni, yana yi mini hidima, amma ko makullin babur bai sake ba ni ajiya ba.

Roƙona ga mai karanta wannan: in naka ya ba ka aikin hannunsa ya ce bai ƙare ba, bar shi inda ya ajiye, ko da duk kasuwa za ta yabe ka.