Ranar da Matan Gari Duka Suka Tsallaka

Mun tashi daga Madawa da asuba, ana sallame salla muka hau kamiyo, babbar motar kaya. Ni da abokin cinikina muna gaba kusa da direba, a baya kuwa tabarmin kaba ne ɗauri-ɗauri da huhunan goro. Niyyarmu mu sayar a kasuwar Keita, mu sayo fatun awaki da gabu mu komo.

Wanda bai taɓa bin hanyar Buza ba, kada ya ce ya san wahalar mota. Jan dutse ne da kwazazzabai, mota na hawa tana nishi. Direba ya ce tun samun mulkin kai ake alkawarin gyara ta, ga shi har yau jakai na wuce mu suna kaɗa kunne. Amma in ka kai bisa tudu ka dubi ƙasa, sai ka manta da ciwon baya. An girbe gero, dammuna jingine ko'ina, ga rumbunan ƙasar Adar na laka, manya kamar tulunan da aka gina wa ƙattan farko. Na sha ganinsu, har yanzu in na gan su sai na yi tasbihi. A Buza jandarma ya duba takardunmu, muka ci kilishin da muka riƙo, na tarar goro ya yi tsada har masu ci suna raba ƙwaya ɗaya su uku.

Bayan mun bar Buza, wani ƙarfe na ƙarƙashin mota ya karye daidai bakin wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Na san garin. Duk wucewata nakan sha fura wurin wata bazawara, Hassu, wadda aure ya kawo ta daga nesa, miji ya mutu ya bar ta da ƴaƴa mata. Na tarar da ita gindin bagaruwarta, ƙwarya cike, rana ta take, ba wanda ya saya. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗaga kai ba. Direba ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya ji wurin maƙeri: wata yarinya ta faɗi bakin rijiya tana shure-shure tana kiran sunan Hassu, wai ta kama mata kurwa. Kafin a ankara ƙawayenta ma sun fara faɗuwa, wannan na ganin wannan, kowace da sunan Hassu a baki. Har wata ta fara ambaton wata mata ta biyu. Uwaye sun hana yara fita, maƙwabta sun daina aron wuta. Direba ya ce shi furar nan ko kyauta ba ya sha. Ni dai yunwa ba ta san mayya ba, na sha.

Da la'asar aka taru ƙofar maigari. An shimfiɗe ƴan matan bisa tabarmi, idanu sun juye, wata na kuka kamar ɗan akuya. Ban taɓa ganin tsoro ya kama gari guda haka ba, har dattawa masu furfura suna riƙe da layunsu. Al'adar kowa ya san ta: wadda ake zargi za ta tsallaka marar lafiya, ta sakar mata kurwa. Ni ɗan kasuwa ne, na auna cinikin nan na ga babu inda Hassu za ta fita. In ta tsallaka yara suka tashi, ta tabbata mayya. In ba su tashi ba, a ce ta ƙi saki. In ta ƙi tsallakawa, ga samari can da sanduna. Kuma tun da an ce maita a nono ake sha, ba ita kaɗai za a kora ba, ƴaƴanta ma sun rasa gari, sun rasa masu neman su.

An kawo Hassu, ta cire takalma. Sai aka ji sanda na ƙwanƙwasa ƙasa. Yayar maigari ce, Iya Dije, tsohuwa tukuf da aka ce ta daɗe ba ta fito ƙofar gida ba. Ta kira maigari da sunan da ake kiransa yana yaro, ta tambaye shi ko tsallakawa ce magani. Ya ce haka aka gada. Ta ce to madalla, amma yara sun riga sun kira suna biyu, gobe za su kira na uku, kuma mayya ba ta da tambari a goshi.

"In magani na, ba a yi mai rowa," in ji ta. "Duk macen da ka shan ruwan rijiyag garin ga ta hito ta tsallaka. Ni ka farawa."

Aka riƙe ta hagu da dama, ta ɗaga ƙafafun nan nata kamar karan dawa, ta tsallaka yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ta kafa wa matar liman ido, matar liman ta zubar da takalma ta biyo. Sai matan maigari. Sai uwar yarinyar da ta fara faɗuwa, tana hawaye. Daga nan layi ya miƙe har bayan masallaci: masu goyo, amare, wata Buzuwa mai sayar da cuku da ta zo wucewa, da wata Kirista matar wani mai aiki a asibitin mishan, wadda ta zo ganin dangi. Hassu na tsakiya, wata a gabanta, wata a bayanta. Na zuba ido don in ga lokacin da yaran za su motsa, wallahi ban iya cewa ga shi. Wata ta yi atishawa, wata ta tashi zaune tana neman kallabinta, wata ƙura ta dame ta ta mirgina gefe. Kafin layi ya ƙare duk suna zaune, ban da ta farkon, wadda jikinta ke da zafi, amma ita ma ta daina kiran suna, ruwa take roƙo.

Uban yarinyar ya miƙe ya ce, "To Iya, yanzu wace ta mayyar?"

Ta ce, "Kai ɗiyarka kaka so ta tashi, ko mayya kaka biɗa?" Ya koma ya zauna.

Washegari maƙeri ya ɗaure mana ƙarfen, muka kai Keita. Na ga tabki shimfiɗe tsakanin duwatsu, raƙuma na sha, Buzaye suka ba mu shayi mai ɗaci. Tabarmi sun tafi da wuri, fatu sun yi araha, gabu kuwa sai da muka yi ja-in-ja. Amma hankalina na can baya.

Da muka biyo komowa na sa direba ya tsaya. An ce an kai yarinyar wurin likita a Buza bisa jaki, tana samun sauƙi. Hassu na garin, ƴaƴanta na daka a tsakar gida. Ba zan yi ƙarya ba, akwai waɗanda har yanzu suke kauce mata a hanya. Amma ba a kore ta ba, kuma ba wanda ya iya nuna ta ya ce ita ce.

Mun iso Madawa lafiya, alhamdu lillahi. Na yi shekaru ina ganin masu wayon ciniki daga nan har Sakkwato, ban taɓa ganin irin na tsohuwar nan ba. Ba ta ce wa kowa babu maita ba, da ta faɗa da ba wanda zai ji. Ta ga kaya ne da zai kashe mutum ɗaya, ta raba wa gari duka, ta fara ɗaukar nata.