Kwamfutar da Kawu Ya Sayo da Kuɗin Tunkiyata

Shekarun baya, ina aji uku na ƙaramar sakandare a Tambuwal, na sayar da tunkiyata don in haɗa kwamfutar buga gem. Na san yadda maganar take a kunne. Mahaifina ma da ya ji sai da ya ajiye cokali ya dube ni. Amma tunkiyar tawa ce. Kakata ce ta aiko mini da ita daga Fakku tun tana 'yar ƙarama, an ɗauro ta cikin kwando a bayan babur. Ni na yi ta ba ta dusa da harawa har ta haihu. Na sayar da uwar, na bar ɗan ragon.

A gidan ƙawata na fara ganin gem ɗin, a kwamfutar yayanta. Gari ake ginawa a ciki, a ja hanya, a haƙa rijiya, a kafa kasuwa. Ni ba mai magana ba ce, a bakin ƙofa na tsaya ina leƙe. Abin da ya kama ni shi ne inuwar itatuwa, da na lura tana matsawa a hankali yayin da ranar cikin gem ɗin take tafiya. Na koma gida ina tunanin inuwar nan.

Daga nan na shiga bincike da wayar mahaifiyata, duk lokacin da take tace zoɓo hannunta ba ya kusa da ita. Na gane kuɗin tunkiya ba za su sayi katin hoto na musamman ba, wato ɓangaren da ke zana hotunan gem. Na kuma gane ko da sun isa, gidanmu ba zai ɗauke shi ba. Da sola muke amfani, inbatarmu, na'urar da ke ba gidan wuta daga batir, ƙarama ce, kuma firizar mahaifiyata ita ce sarauniyar gidan, don da ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa ake cefane. Na san kukan inbatar nan kamar muryar ƙanena. Ko dutsen guga aka kunna sai ta fara ƙyar-ƙyar. Saboda haka na zaɓi ɗan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda yake da nasa abin zana hoto a ciki, mai cin wuta kaɗan, da ƙaramin allo da zai zauna a kai, da akwati mafi araha. Tsohuwar talabijin ɗinmu ita za ta zama fuskar kwamfutar. Na daɗe ina auna wannan da wancan kafin in tsaya a kan haka.

Kayan ba a samunsu a Tambuwal, sai Sakkwato, kuma ba wanda zai bar ni in je ni kaɗai. Sai aka ce a ba kawuna, yayan mahaifiyata, wanda dillalin dabbobi ne kuma yana yawan shiga birni. Na tura masa hoton kowane abu. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido.

"Wanga ɗan abin kamar kwalin ashana, shi ne rabin tunkiya?"

Na gyaɗa kai.

"Bar ni da su, ɗiyata. Ni ba a cuta ta a kasuwa."

Ranar da ya dawo, tun daga bakin layi na ji hayaniyar yara. Wani ƙaton kwali ne a bayan babur, mai babur ɗin yana tuƙi a karkace. Da aka buɗe sai ga akwati mai gefen gilashi, da fankoki masu fitilu kala-kala. Sai katin hoto, girmansa ya kai bulo. Sai wani firosesa daban, ba wanda na zaɓa ba. Sai lasifika biyu da ban taɓa ambata ba.

Kawu ya zauna a kan tabarma yana ba mahaifina labari, fuskarsa cike da fara'a. "Yaron shagon ya so shi raina mini hankali. Na ɗauki abin da ta ce a hannun dama, na ɗauki wanga a hannun hagu. Kuɗi ɗaya, amma wanga ya ninka shi nauyi. Na ce mai, ni da kaka gani na auna rago da hannu tun ba a haife ka ba. Na matsa mai har ya yi mini gyara da lasifika."

Ni kuwa ina durƙushe ina kallon katin. Akwai ƙura da ta daskare a fuka-fukan fankarsa. Kan kusoshinsa duk ya goge, alamar an sha kwance shi. Na ga duk wannan. Na san tsohon kati ne mai shan wuta kamar injin niƙa. Sai na buɗe baki na ce, "An gode, Kawu, Allah ya ƙara arziki." Don haka aka koya mini. Babba ya yi maka wahala har birni, a gaban mahaifinka, me za ka ce?

Ranar Asabar da hantsi yayan ƙawata ya zo muka haɗa ta. Da aka kunna, fitilun suka kama, ja da kore da shuɗi, matan maƙwabta har suna leƙowa. Na buɗe gem ɗin. Ban gama jan hanyar farko ba inbata ta ƙwala wani kuka da ban taɓa ji ba, sai komai ya ɗauke. Wari kamar na roba ya tashi. Mai gyara ya yi tafiya, sai washegari aka same shi. Lokacin zafi ne, kuma an yi wa mahaifiyata odar ƙanƙara ta wani suna. Duk ta narke, zoɓon ya yi tsami.

Wa aka ɗora wa laifi? Ni. Mahaifiyata ta ce wasan yara ya cinye mata jari. Mahaifina ya ce a mayar da abin cikin kwali, kawu ya nemi mai saye ko nawa ne, ba za a sake kunna shi a gidansa ba. Shi kuwa kawu da ya zo jaje cewa ya yi, "Kayan ba su da laifi, solarku ce ƙarama." Babu wanda ya tambaye ni ko abin da na aika a sayo ke nan. Tunkiya ta tafi, kwamfuta za ta bi ta, ni kuma an bar ni da sunan mai ɓarna.

Sunan da aka yi wa odar ƙanƙarar na dangi ne, shi ya kawo kakata Tambuwal. Ta same ni a bayan ɗaki ina ba ɗan ragona ruwa.

"Ke mai baƙin rowa, ina tunkiyata? An ce kin musanya ta da akwati mai ƙyalli."

Duk duniya kakata ce kaɗai nake iya mayar wa magana, don tsakanin jika da kaka akwai wasa, ba a kama ka da rashin kunya. Na ce, "Tsohuwa, ki tambayi ɗanki. Akuya na aike shi ya sayo mini, wadda harawar gidanmu za ta isa. Ya je ya jawo tsohon bijimi, haƙora duk sun zube, ya cinye abincin gida a zama ɗaya. Wai don ya fi nauyi."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Can sai ta daina, ta dube ni. "Da gaske kike?" Na ce da gaske nake, sai hawaye.

Ta aika aka kira kawu. Ina daga cikin ɗaki ina ji.

"Inna, ciniki ya faɗa," in ji shi. "An sallama, na ce na saya. Ni dillali, in koma da kaya a kai? Mi za a ce da ni?"

"Da kuɗinka ka saya?"

"Ai ita ba ta ce komai ba. Har godiya ta yi."

"Kai ka tambaye ta? Gobe ka ɗauke ta ku tafi tare. Kai ka riƙe kwali, ita ta yi magana."

Haka aka yi. A shagon, mai kayan yana ta kallon kawu, kawu kuma yana nuna ni da haɓa. Sai na faɗi abin da nake so. Mutumin ya karɓi katin da firosesan, amma a farashin da bai kai wanda ya sayar ba. Akwati da lasifika ya ce ba ya karɓa. Sai kuɗin suka gaza sayen firosesan da na zaɓa. Abin da ya cike giɓin shi ne ɗan ragona, wanda na ƙi sayarwa tun farko. Kawu da kansa ya kai shi kasuwa. Da ya kawo kuɗin ya ce wa mahaifiyata, "Ko la'ada ban cire ba, don ɗiyata ce." Kuma aka sa na sake yin godiya.

Kwamfutar tana nan tana aiki. Inbata ba ta ko tari idan na kunna ta, mahaifina ma ya daina zancen. Ɗan allona yana can ƙuryar ƙaton akwatin kamar tattabara a cikin rumbu. Fitilun na cire musu waya, don ni ban saye su ba. Lasifikan kuwa suna gidan kawu, ya ce ai gyararsa ce.

Ina son kawuna, kuma na san ba cuta ta ya yi niyya ba. Amma har yanzu ina jin haushi. Na yi watanni ina lura da abin da ba wanda ya lura da shi, shi kuma ya rushe shi da auna kaya a hannu biyu, kuma ni na biya da dabba biyu. Abin da na koya shi ne shiruna yana da tsada, kuma daga aljihuna ake cire kuɗinsa. Ban zama mai surutu ba, amma yanzu ina iya cewa, "Ba wannan na ce ba," ko da idona yana ƙasa.

Shi kuma har gobe idan ya zo da baƙi sai ya kawo su bakin ƙofata ya ce, "Kun ga injin da na sayo mata a Sakkwato. Ɗiyata, kunna musu fitilun nan su gani."

Ba na gaya masa na cire musu waya. Sai in ce, "Sai an kashe firiza, Kawu. Je ka gaya wa ƙanwarka."

Bai taɓa zuwa ya gaya mata ba.