Jirgin da Bai Yi Sallama Ba

Shekarun baya, ina tsammanin huɗu ne ko da yake abokina yana cewa biyar, na dawo gida Potiskum bayan na kammala jami'a da hidimar ƙasa. A lokacin ne dangin abokin nawa suka yanke shawarar rushe tsohon gidan kakansu da ke Hausari, ginin ƙasa mai zaure biyu, domin a sake shi da bulo. Shi yana aikin ɗaukar fim a Kano, sai ya aro ƙaramin jirgin nan mai kyamara da ake kira diron, domin ya ɗauki gidan daga sama kafin ya ɓace. Ni ya ɗora wa shirye-shirye, saboda ya san halina na bin diddigi.

Na kuwa bi. Na rubuta wa jami'an tsaro takarda, domin a garinmu ba a tayar da abu sama haka siddan. Na sanar da mai unguwa. Na duba ƙarfin iska, na caja batura, na zana hanyar da jirgin zai bi, har wayoyin lantarki na sa musu alama. Da hantsi muka ɗauka. Jirgin ya taso daga bakin zaure, ya yi sama a hankali, ya kewaya gidan, ya sauko lafiya. Ko dubawa ba mu tsaya yi ba, sai taya kwashe kaya. Bayan azahar masu rushewa suka sa hannu, kafin la'asar zauren farko ya zama tarin ƙasa.

Muna zaune a ƙofar gidanmu muna shirin buɗe kwamfuta, sai ga wani dattijo, maƙwabcin gidan da aka rushe, kuma aminin marigayi mahaifina. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, ku ne da abin nan mai kuka kamar zuma?"

Na ce, "Mu ne, Baba, amma da izini." Na ciro takarduna ina jero masa ɗaya bayan ɗaya.

Ko kallonsu bai yi ba. Ya ce, "Magini idan zai hau katanga, sai ya aika gidajen maƙwabta a ce za a hau, mata su kimtsa. Mai saran reshe ma haka yake yi. Naku ya fi su hawa, bai aika wa kowa ba. Iyalina tana tsakar gida tana wanki ya tsaya a kanta."

A cikin irin wannan gida na girma, mai tsakar gida buɗe, amma a zanen da na yi gidajen mutane ƙananan akwatuna ne kawai. Na ce ya ba ni lokaci in duba hoton dalla-dalla, in tabbatar ko ta fito.

Ya ce, "Wato ka ƙara kallo?"

Ya ce a goge duka, shi ke nan. Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, gidan ya riga ya faɗi. Wannan ne kaɗai ya rage mana." Dattijon ya jinjina kai, domin shi ma a zauren nan ya yi zaman hira shekaru masu yawa. Amma bai janye maganarsa ba.

Ashe mahaifiyata tana jin mu daga cikin soro. Ta gaishe shi ta bayan labule, sannan ta ce, "Malam, a turo mini Yaya, mai ɗakinka, mu kalla mu biyu. Abin da ya shafe mu, mu ne za mu gane shi."

Haka aka yi. Na nuna wa mahaifiyata maɓalli ɗaya na tsayarwa, da lambobin da ke tafiya a ƙasan allo. Na maimaita mata har sau uku, ta ce, "Ni na koya maka ƙirga, fita ka ba mu wuri." Muka zauna a waje. Can muka ji dariya ta ɓarke a ɗaki, muka ji muryar matar dattijon tana ɗagawa: "Malam, ga kwanon ɗakina da ka ce ba ya yoyo! Daga sama ma ana ganin inda ya ɗage!" Baba ya gyara zaman hularsa.

Mahaifiyata ta fito da takarda mai lambobi biyu, daga nan zuwa nan. Ta kife faifai a kan allon, ta bar mini layin ƙasa kawai, na yanke ban ga abin da nake yankewa ba. Suka sake kallo suka amince. Sannan abokina ya goge na asali daga katin ajiyar hotuna na jirgin a gaban Baba. Dattijon ya roƙi a nuna masa sauran. Da zauren ya bayyana, ya daɗe yana kallo, ya yi wa mai gidan addu'a, ya tashi.

Har yau fim ɗin yana nan, kuma a tsakiyarsa jirgin yana yin wani ɗan tsalle daga gabas zuwa kudu. Baƙi ba sa lura, ni kuwa kullum sai na gani. Yanzu idan na taya abokina aiki a cikin unguwa, kafin kowace takarda sai na aika gida-gida a ce za a hau.

Sau ɗaya na tambayi mahaifiyata abin da ke cikin wurin da aka yanke, na ce don kawai bayanina ya cika. Ta dube ni ta ce, "Abin da ba naka ba ne." Ban sake tambaya ba.