Ranar da Mahaifiyata Ta Kira Ciwon da Sunansa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Levenshulme a ƙasar Turawa, ƙanena ya kashe mutum. Abokin aikinsa ne a wani sito da ke Cheetham Hill, bawan Allah mai 'ya'ya biyu, wanda bai yi masa komai ba. Na fara da shi ne domin shi aka fi zalunta.

Bayan an kama ƙanena, lauyarsa ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce idan aka same shi da kisan kai na ganganci, ɗaurin rai-da-rai ne. Amma idan likitoci suka tabbatar ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa hankalinsa sosai a lokacin, laifin zai sauka, alƙali zai iya tura shi asibiti.

"Wannan ba zai wanke shi ba," in ji ta. "Kuma sai kun gaya wa likita yadda yake a gida."

Nan matsalar take. Mun daɗe da sanin ba shi da lafiya, amma iska muke cewa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, ba a taɓa zuwa wurin GP, likitan unguwa, ba.

Kawuna ya taso daga Birmingham takanas.

"Yaya, ki rufa mana asiri," ya ce wa mahaifiyata. "Babu mahaukaci a zuriyarmu. In maganar ta kai gida, wa zai nemi 'ya'yanmu?"

Tuwo kawai ta zuba masa.

Ranar ganin likita, ni na raka ta. Na tsara jawabina tsaf, na farko, na biyu, na uku, kamar yadda na saba. Ko na farkon ban samu faɗa ba. Mahaifiyata ta dubi tafintan da aka kawo mana ta ce masa, "Ɗana, fassara duka. Kada ka gyara min."

Ta faɗi yadda ƙanena yake rufe madubai da zane. Ta faɗi yadda yake amsa wa muryoyin da shi kaɗai yake ji. Daga ƙarshe ta faɗi abin da ni ma ban sani ba: ya daɗe da daina cin girkinta, wai tana zuba masa guba.

A mota na ce, "Mama, Kawu fa?"

"Kawunka ya haife shi? Gara a ce ɗana mahaukaci ne da a ce mugu ne."

Likitocin ɓangarorin biyu, namu da na masu gabatar da ƙara, suka yarda ciwo ne. Kotu ta karɓi ƙaramin laifin, aka kai shi asibiti mai tsaro. Babu wanda ya yi murna, domin matar mamacin tana zaune a gefenmu.

Har yau ina gode wa Allah da ya ba tsohuwar nan ƙarfin zuciyar da mu mazan gidan muka rasa. Kawu ya yi fushi, ya huce.

Ƙanena yana can har yanzu, yana shan magani. A ziyararmu ta ƙarshe an yarda Mama ta shiga da dambun nama. Ya cinye, ya miƙo mata robar, ya ce, "Mama, babu ƙari?"