Idon Dama na Garzali Mai Hoto

Duk wanda ya tashi yin fasfo a Wudil, gaban farin ƙyallen Garzali mai hoto yake zama. Da fuskokin da ya ɗauka mutane suka je Makka, shi kuwa ko Kaduna bai taɓa wucewa ba. Da ƙaninsa Anas, mai karatu a Alƙahira, ya gayyace shi hutu, sai ya ce ba zai je hannu rabbana ba, hotunan gida zai kai masa tsaraba.

Ranar Juma'a ya shiga kasuwar shanu, ya durƙusa gaban wani bajimin sa yana saita kyamara. Bai san a makon aka kore wa mai san garke guda ba, ana kuma ta cewa ɓarayin sai sun aiko an ɗauki hoton shanu kafin su zo.

"Ga ɗan aikensu nan," in ji wani.

Sandar farko a ƙeya ta same shi. Ya kife cikin kashin shanu, ya ƙanƙame kyamarar a ƙirji, aka yi ta jibgarsa da gora har haƙora suka zube. Kafin wani dillali ya gane shi ya shiga tsakani, idon dama ya fashe, wanda yake leƙa kyamara da shi.

Har yau yana shagonsa, fasfonsa bai ga tambari ba. Duk wanda ya zauna gaban ƙyallen, Garzali kan ce masa, "Malam, buɗe idanunka duka biyun."